Yadda mai ɗaga ƙarfe zai tsara cin sitaci don rage kitse

Mai ɗaga ƙarfe da ke son teɓa ta zube tsoka ta zauna yakan ji shawara iri biyu. Wani ya ce ya bar tuwo da shinkafa ɗungurungum, wani ya ce ya riƙa juyawa, yau da yawa gobe kaɗan. Ta biyun ta fi dacewa da shi, amma ba don tana da wani sirri ba. Kitse yana narkewa ne idan jimillar abin da ka ci a mako ta gaza abin da jiki ya ƙone. Binciken da Christopher Gardner ya jagoranta a Jami'ar Stanford, aka buga a 2018, ya bi mutum 609 tsawon shekara guda, wasu sun rage sitaci wasu sun rage maiƙo, kuma bambancin ramar da suka yi bai taka kara ya karya ba. Amfanin juyawar kawai shi ne ka kai sitaci ranar da ƙarfe ke buƙatarsa.

Ka fara da furotin, domin shi ne ba ya motsi ko wace rana. Giram 1.6 zuwa 2.2 a kan kowane kilo na nauyinka ya wadatar, wato mai kilo 80 zai nemi giram 130 zuwa 175 daga nama, kifi, kaza, ƙwai, awara da kindirmo. Ƙwai ɗaya giram 6 kacal yake bayarwa, don haka ƙwai biyu da safe ba su kai ka ko'ina ba. Bayan nan sai ka kasa makonka gida uku bisa wahalar atisaye. Ranar ƙafafu da baya, inda manyan tsokoki ke aiki, ka ci sitaci kamar giram 4 a kan kowane kilo. Ranar hannuwa da kafaɗu ka sauko zuwa 2 ko 3. Ranar hutu giram 1 zuwa 1.5 ya isa, sai ka cike kwanon da zogale, alayyafo, kabeji da miyar kuɓewa. Don ka samu ma'auni a ido, giram 100 na dafaffiyar shinkafa yana ɗauke da sitaci kusan giram 28. Wake kuwa, duk da furotin ɗinsa, sitacinsa ya fi yawa, ka lissafa shi cikin sitaci. A ranakun aiki ka tara yawancin tuwonka ko doyarka sa'a biyu zuwa uku kafin atisaye da kuma bayansa.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne ranar hutu. Sun janye tuwo, sai su huce a kan gyaɗa da soye-soye, alhali giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4. Ka ƙara mai kaɗan, da cokali, ba da ludayi ba.

Wani zai ce ai masu barin sitaci gaba ɗaya suna zubar da kilo biyu ko uku a makon farko. Haka ne, amma yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye sitaci a tsoka da hanta a matsayin gilaikojin, kowane giram ɗinsa kuma yana riƙe ruwa kusan giram 3. Ajiyar na ƙarewa ruwan ya bi ta. Wannan ajiyar ce tsoka ke ɗiba idan atisaye ya yi tsanani kuma ya yi tsawo, shi ya sa nake ganin hana kai ita ranar ƙafafu asara ce. Wani kuma zai ce lissafin ya yi yawa, me zai hana a ci daidai wa daida kullum? Wannan yana da gaskiya babba. Idan jimillar mako ɗaya ce, babu hujja mai ƙarfi cewa juyawa ta fi rage kitse, kuma wanda lissafi zai gundura ya jefar da tsarin gara ya tsaya a kan adadi guda.

Mataki na ƙarshe shi ne awo. Ka hau sikeli da safe kafin ka ci komai, ka kwatanta matsakaicin mako da na makon baya, domin washegarin ranar tuwo nauyi zai hau saboda ruwa. Ka nemi raguwar kashi 0.5 zuwa 1 cikin ɗari na nauyinka a mako. Idan mako biyu sun wuce ba motsi, ka rage sitacin ranakun hutu da na hannuwa da kafaɗu tukuna. Idan kuwa ƙarfen da ka saba ɗagawa ya fara gagararka, to ka yi gaggawa da yawa ke nan, sai ka mayar da sitaci kaɗan. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, da mai ciwon ƙoda, kada su fara sai likita ya duba tsarin, domin sukarin jinin mai ciwon sukari na iya faɗuwa ƙasa warwas.