Darasi Daga Ƙahon Wanzami Da Kifi Mai Manne Wa Dutse

Malamai sun daɗe suna faɗakarwa cewa duban halittun Allah da idon basira ibada ne, amma sau da yawa mai sauraro yakan ɗauka abin da ake nufi shi ne a ga abu, a yi tasbihi, a wuce. Darasin wannan mako zai nuna cewa duban da ake nufi ya haɗa da tambayar yadda abu yake aiki. Misalin kuwa shi ne kifin da yake manne wa dutse a cikin ruwa mai ƙarfi.

Kafin a shiga ruwa, sai a fara da abin da kowa ya sani, watau ƙaho, wanda ya tabbata cewa an yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wanzami yakan kafa ƙahon a fata, ya zuƙe iskar ciki ta tsininsa, ya toshe. Ba wani danƙo ke riƙe ƙahon ba. Iskar waje ce ke danne shi, domin kuwa tana da nauyin kimanin kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita, alhali ta ciki ta ragu. To, amma in wurin yana da gashi sai wanzami ya aske tukuna, don ko ƙanƙanuwar kafa ta samu iska za ta shiga, ƙahon ya faɗi. Haka duk wani faifan roba mai zuƙa da masana'antu ke ƙerawa: yana kama gilashi sumul, ya kasa kama dutse mai kaushi.

Masuntan madatsar Tiga sun san kurungu sarai, da ƙayarsa da yake kafewa in an kama shi. Kurungu yana da 'yan'uwa ƙanana a dangi ɗaya, masana na kiransu Kiloglanis, waɗanda ke zaune a gangaren ruwa mai duwatsu a kogunan Afirka, har da yankin Kwara da Binuwai. Leɓɓansu sun baje sun zama faifai a ƙarƙashin kai. Da shi suke kama dutse, ruwa na dukansu, su kuwa suna kankarar gansakuka abinsu.

Wanda aka fi bincika shi ne wani ɗan kifi na gaɓar tekun Fasifik a Amurka ta Arewa. Fikafikan cikinsa sun haɗe sun zama faifai. A shekarar 2013 masana a Jami'ar Washinton, cikinsu har da Adam Summers, suka bayyana cewa riƙonsa kan ɗauki abin da ya fi nauyin jikinsa sau 150, kuma, abin mamaki, kaushin dutse ba ya kayar da shi. Dalili shi ne gefen faifan yana da taushi, yana bin kowane lungu na dutsen ya cike shi, sa'an nan yana lulluɓe da waɗansu 'yan gasu da ido ba ya gani, masu hana gefen zamewa ciki in an ja kifin. Ga shi gashi shi ne abokin gabar ƙahon wanzami, a nan kuwa shi ne makamin. A 2019 Petra Ditsche da Summers suka nuna faifan da suka ƙera bisa wannan tsari, mai taushin baki da ƙarfin baya, yana kama wuri mai kaushi a cikin ruwa da wajensa.

Akwai kuma kifin teku da ake kira remora, mai faifai a bisa ka, wanda yake manne wa manyan kifaye da kunkuru su yi ta yawo da shi. Cikin faifan akwai layukan faranti masu ƙananan ƙayoyi. In ruwa ya ja shi baya sai su ƙara kamawa. In yana son saki sai ya yi gaba. Masuntan gaɓar Afirka ta Gabas sun daɗe da gane haka, har sukan ɗaura masa igiya su sake shi ya kamo musu kunkuru. A 2017 Jami'ar Beihang ta ƙasar Sin da ta Harbad suka ƙera irin faifansa, ya riƙe nauyin kansa sau 340. A 2025 kuma masana a cibiyar MIT ta Amurka suka fito da wata 'yar na'ura mai kama bangon hanji ta zauna tana sakin magani, an kuwa gwada ta a jikin dabbobi.

Mutumin Bebeji ko Kiru yana iya cewa ina ruwansa. Ruwansa kuwa yana nan a ƙofar gida. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ita ke tare Kogin Kano mai gangarowa ta wajen Doguwa da Tudun Wada, ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Dattawan yankin ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a damunar 1988 ba. Gaskiya ne jikin Tiga tarin ƙasa ne, ba faifan da zai riƙe shi. Amma ƙofofin ruwa da bututai na ƙarfe da siminti suna nutse, gansakuka ta rufe su, kuma mai nutso ba ya iya tsayawa wuri ɗaya ya duba tsaga in ruwa na ja. Na'ura mai ɗauke da kyamara wadda za ta kama irin wannan bango ta zauna daram, ita injiniyoyi ke nema a wurin waɗannan kifaye, don duba madatsu da gindin gadoji da ƙasan jiragen ruwa.