Lissafin Wutar Lantarki Ga Mai Injin Ban-Ruwa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwan noman rani yana gangarowa da kansa ta magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Kadawa. Amma kai da gonarka ke kan tudu, ko can ƙarshen magudana inda ruwa ba ya isa sosai, dole ka nemi injin ban-ruwa. Idan ka zaɓi famfo mai aiki da lantarki, lalle ne ka iya ɗan lissafi. In ba haka ba, moton da ke juya famfon zai ƙone, kuma yakan ƙone ne daidai lokacin da tumatir ke fure, sa'ad da ba ya jure ƙishi.

Abubuwa uku ake aunawa. Folt shi ne ƙarfin da ke tura wutar, kamar tudun ruwa a magudana. Amfiya ita ce yawan wutar da ke bi ta cikin waya, kamar yawan ruwan da ke bi ta bututu zuwa fangali. Wat kuwa shi ne aikin da biyun suka haɗu suka yi. Ga ƙa'idar:

Wat = Folt × Amfiya

Wutar gida a ƙasar nan folt 230 ce. Dutsen guga mai wat 1,000, in ka raba da 230, yana jan amfiya 4 da 'yan kai. Fanka mai wat 75 ba ta kai rabin amfiya ba. Na kayan gida ke nan, ba wuya.

Moto Daban Ne

Ana sayar da moto da ƙarfin doki. Doki ɗaya wat 746 ne, watau moto mai doki 2 yana ba da aikin wat 1,492. In ka raba da 230 za ka sami amfiya 6 da rabi. Kada ka tsaya nan. Wannan aikin da yake fitarwa ne, abin da yake ci ya fi haka, domin wani kashi yana tafiya a zafi. Duba ɗan allon ƙarfe da ke manne a jikinsa, za ka ga an rubuta kamar amfiya 10. Wannan lambar ita za ka riƙe. Moton da ba shi da allon nan, ko aka kankare shi, kada ka saya kome arharsa.

Sa'an nan a lokacin tashi, moto yana fizgar wuta ninki uku zuwa shida na abin da yake ci in ya daidaita. Dalili ke nan da za ka ga janareta mai kVA 2.5 ya yi gurnani ya mutu da zarar an kunna famfo, alhali a takarda kamar ya isa. Ga moto mai doki 2, nemi janareta da bai gaza kVA 5 ba. Ƙaramin nan na kunna fitila da talabijin, kada ma ka gwada.

Idan Wuta Ta Yi Rauni

Nan ne aka fi yin asara. Mutane suna tsammani wuta mai ƙarfi ce kaɗai ke ƙona kaya. A wajen moto, mai rauni ma tana ƙonawa. Nauyin ruwan da yake ɗagawa bai ragu ba, saboda haka in folt ya sauka, sai ya ƙara jan amfiya ya cike giɓin. A folt 230 yana jan 10. In ya sauka zuwa 180, sai ya ja kusan 13. Ka ga kamar ƙarin kaɗan ne, amma zafin da ke cikin koyil ya ƙaru da fiye da rabi. In ka ga fitila ta yi ja, ko moto yana kuka bai tashi ba, kashe shi nan take.

Sau da yawa ma raunin daga wayarka yake. A ce daga janareta zuwa bakin rijiya mita 100 ne. Waya ta tagulla mai kaurin milimita 1.5, tana ɗauke da amfiya 10, za ta zubar da kamar folt 24 a hanya. Mai 2.5 za ta zubar da 15, mai 4 kuwa 9 kawai. Kuɗin waya mai kauri bai kai na naɗa koyil da asarar kwandunan da za ka kai Kwanar Gafan ba. In da hali, matso da janareta kusa da famfo. Kada ka bar mahaɗin waya a ƙasa mai laima, kada kuma ka taɓa makunni da jiƙaƙƙen hannu.

Kuɗin wuta fa? Wat 1,000 na awa ɗaya shi ne yunit ɗaya a mita. Moton nan yana cin kamar wat 2,000, in ya yi awa 5 ya ci yunit 10. Ninka da farashin yunit da ke kan rasit ɗinka na KEDCO, ka gwada da kuɗin fetur na ban-ruwa guda.

Manyan motocin injin casar shinkafa irin na Kura masu layi uku ne, lissafinsu ya bambanta da wannan. Su kam sai ka kira ƙwararren mai gyaran wuta ya auna kafin a haɗa.