Darasin Lafiya: Gwajin Jini Na Cutar Harfis

Darasinmu na wannan wata a kan wata cuta ne da likitoci ke kira harfis. Sunan baƙo ne, amma cutar ba baƙuwa ba ce. Kun san ƙurajen nan masu ruwa da kan feso a leɓe bayan mutum ya sha zazzaɓi? To, ita ce.

Ƙwayar cutar iri biyu ce. Iri na 1 ya fi fitowa a baki, kuma yawanci tun ana yara ake ɗaukarsa, ta hanyar sumba ko miyau. Iri na 2 ya fi fitowa a al'aura, ana ɗaukarsa wajen saduwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020, cikin mutanen duniya da ba su kai shekara 50 ba, 64 cikin 100 suna da iri na 1. Masu iri na 2 kuwa sun kai miliyan 520. Yawancinsu ba su san suna da ita ba, domin ba ta nuna musu wata alama.

In ta shiga jiki ba ta fita. Takan ɓuya a jijiya ta yi lamo. Zazzaɓi ko gajiya ko al'adar mata kan tashe ta, ƙuraje su fito, su warke, ta koma ta kwanta.

Yanzu akwai gwajin jini na gaggawa. A soki yatsa, a ɗiga jini a kan wani ɗan allo, a jira 'yan mintoci. Kamar dai gwajin zazzaɓin cizon sauro da kuka saba gani a ƙaramin asibiti. Amma akwai bambanci, kuma bambancin shi ne darasinmu.

Gwajin zazzaɓi yana neman alamar ƙwayar cutar kanta a cikin jini. Gwajin harfis kuwa ba ya ganin ƙwayar. Abin da yake gani shi ne sojojin da jiki ya ƙera domin yaƙarta. Ku ɗauki misali da ƙauyen da aka kafa 'yan banga. In baƙo ya gan su, zai gane ɓarawo ya taɓa shigowa garin. Amma ba zai san yaushe ba, ba zai san ta wace ƙofa ba.

Haka wannan gwaji yake. Ba ya faɗin ranar da cutar ta shiga. Ba ya faɗin wanda ya kawo ta. Saboda haka kada maigida ya riƙe takardar gwaji ya ce ya kama matarsa da laifi. Kada mace ma ta yi wa mijinta haka. Mai yiwuwa bazawara ta samo ta daga mijinta na fari shekara 10 da suka wuce, ba ta sani ba. Mai yiwuwa shi maigidan ne ya shigo da ita. A ganina, raba aure a kan wannan takarda zalunci ne.

Gwajin yana kuma yin kuskure. Jiki kan ɗauki har mako 12 kafin sojojin su isa a gan su. Wanda ya ɗauki cutar jiya, gwaji zai ce ba shi da ita. Wani lokaci kuma ya ce akwai, alhali babu. Shi ya sa likita kan nemi a sake wani gwajin. Ko a Amurka, a shekarar 2023, masana sun sake ba da shawarar kada a riƙa yi wa mutanen da ba su da wata alama wannan gwaji.

Wanda ƙuraje suka fito masa, ya je asibiti tun suna ɗanye. Inda akwai kayan aiki, a shafo ruwan ƙurjin da auduga a kai ɗakin gwaji. Wannan ya fi gwajin jini tabbaci. Kada a ji kunya, domin tunjere ma kan kawo miki a al'aura, kuma maganinsa daban ne. A kuma auna ƙanjamau, domin mai iri na 2 ya fi saurin ɗaukarsa har wajen ninki 3.

Akwai magani mai suna asaikulobiya. Yana rage zafi, yana sa ƙuraje su warke da wuri in an fara sha da wuri. Ba ya kashe ƙwayar. Duk mai tallar magani a kasuwa da ya ce zai raba ka da ita har abada, kuɗinka yake so. Muddin akwai ƙuraje, a dakatar da saduwa.

Babban haɗarin yana kan jariri. Ba kasafai take kama shi ba, amma in ta kama shi tana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa, ko ta kashe shi. Mai ciki da ta taɓa ganin ƙuraje a gabanta, ko a jikin mijinta, ta faɗa wa malamar asibiti ranar awo. Akan ba ta magani daga mako na 36. In naƙuda ta zo ga ƙuraje, kada a haihu a gida, domin likita na iya zaɓar yin tiyata. Ranar barka da ranar suna kuma, duk mai ƙurji a leɓe kada ya sumbaci jariri, ko da kakarsa ce. Ta wanke hannu da sabulu kafin ta karɓe shi.