Amsoshin Tambayoyinku: Dokar kulle da gida mai yawan samari

Wani mai sauraronmu daga Gwagwa a Abuja, magidanci mai 'ya'ya tara, yana tambaya ko ƙayyade taro da aka yi lokacin korona ya shafi babban gida irin nasa.

To Malam, dokar ba ta ƙirga mutanen da ke kwana gida ɗaya ba, taron waje ta nufa. Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ba da umarnin rufe Abuja da Legas da Ogun daga daren 30 ga Maris, 2020. Da aka sassauta ranar 4 ga Mayu, sai aka hana taron da ya wuce mutum 20. Gida irin naka kuwa, ku da iyalin ɗan'uwa ɗaya kaɗai kuna iya cike adadin, don haka bikin suna da ɗaurin aure suka koma na 'yan cikin gida.

Amma samari da 'yan mata ne suka fi jin jiki. An rufe boko da Islamiyya, ga filin ƙwallo ba shiga. Yaro ɗan shekara 16 ya wuni a ɗaki ɗaya da ƙannensa cikin zafin Afrilu, ana rububin wayar uwa guda domin darasi, ga katin data ya ƙare. Jarrabawar WAEC ma sai 17 ga Agusta aka fara ta. Wasu yaran sun kama sana'a ko talla, daga nan ba su koma aji ba, kuma wannan ne ya fi damuna.

Idan naka na cikinsu, Malam, ka zauna da shi ku yi magana, ka je makarantar da kanka ka nema masa gurbi.