Laulayi da ƙwannafi: kada ciki ya zauna wayam, kada kuma ya cika maƙil

Koke biyu ne ba sa ƙarewa a ɗakin awo. Mai ƙaramin ciki ta ce, "Malama, ko ruwa na sha sai ya dawo." Mai tsohon ciki kuma ta ce, "Ƙirjina ke zafi, jiya a zaune na kwana." Ta farko laulayi ke wahalar da ita, ta biyu ƙwannafi. Mafarinsu daban ne, amma dabara ɗaya ce ke sauƙaƙa su, kuma a madafa da ɗakin kwana ake yin mafi yawanta.

Bari in fara da maganar da nake son maigida da uwar miji su ji: laulayi ba raki ba ne. Wajen mata 7 cikin 10 suna fama da tashin zuciya a farkon ciki. Yakan soma wajen mako na 6, ya tsananta wajen na 9, sannan ya lafa tsakanin mako na 14 da na 16, ko da yake wasu sai sun kai na 20. Sinadaran da mabiyiya ke zubawa cikin jinin uwa ne ke jawo shi. An daɗe ana zargin wanda ake kira hCG, sai wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2023 ya nuna hannun wani mai suna GDF15, wanda ke taɓa sashen ƙwaƙwalwar da ke tada amai. Don haka gori da "ai mu ma mun haihu" ba sa rage komai, sai dai su sa yarinya ta ɓoye halin da take ciki.

'Yar'uwa, babbar mai rura laulayi ita ce yunwa. Zuciya na tashi sai ki ƙi ci, ciki ya zauna wayam, tashin zuciyar ya ninka. Hanyar karya wannan ita ce ci kaɗan-kaɗan, duk bayan awa biyu ko uku, tun kafin yunwar ta kama ki. Ki kwana da busasshen biskit, yankin burodi ko dabino a gefen filo. Da kin farka ki tauna kaɗan, ki ba shi kamar minti 15, sannan ki miƙe a hankali. Da rana ki nemi abin da ba maiƙo: koko, farar shinkafa, dafaffen dankali, ayaba, kankana, 'yar soyayyar gyaɗa ko dafaffen ƙwai idan zuciya ta karɓa. Abincin da ya huce ya fi sauƙin shiga, domin tururi ne ke ɗauko wari. Ruwa kuwa kurɓa-kurɓa za ki riƙa yi tsakanin ci da ci, kada ki ɗaga kofi ki shanye a kan abinci.

Wari shi ne ɗaya abokin gabar. Suyar albasa, daddawa a tukunya, hayaƙin itace, turaren wuta, kai har turaren maigida, duk suna iya juya miki ciki. A nan aikin mutanen gida ne. Idan akwai mai karɓar girki na 'yan makonnin nan, a karɓa. Idan babu, a yi girkin a tsakar gida inda iska ke kaɗawa. Mata da yawa kan yanka lemon tsami su riƙa shinshinawa, kuma babu laifi a ciki. Bayan amai ki kurkure baki da ruwa, ki jinkirta goge haƙora, saboda tsamin aman yana tausasa bayan haƙori.

Sai citta. Cikin duk magungunan gida ita ce ta fi samun shaidar bincike, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin shawarwarinta na kula da masu ciki na 2016, tare da bitamin B6. Ki yanka ɗanyar citta kamar gaɓar babban yatsa, ki daddaka, ki zuba tafasasshen ruwa, ki rufe minti 10, ki ɗan sa zuma ki riƙa kurɓa. Idan garin busasshiya ce, kimanin giram 1 a yini ya isa, wato wajen rabin ƙaramin cokali, a raba shi sau uku ko huɗu. Kada a wuce gona da iri, domin citta da yawa ita kanta tana tada ƙwannafi. Bitamin B6 kuwa a wurin awo za a faɗa miki adadinsa. Idan maganin ƙarin jini ne ke tada miki zuciya, kada ki jefar da shi a ɓoye. Ki gwada sha da dare bayan kin ɗan taɓa abinci, ki kuma gaya wa malamar awo. Folik asid dai ba a wasa da shi, musamman a watanni ukun farko.

Ƙwannafi ya fi matsawa idan ciki ya tsufa. Akwai wani nama da ke tsuke bakin tumbi kamar mazagi, yana hana abinci komawa sama. Sinadarin furojesteron, wanda ke sassauta mahaifa don cikin ya zauna, yana sassauta shi ma, ga kuma jariri na tura tumbi daga ƙasa. Sai ruwan tsamin ciki ya hau maƙogwaro. Abin da ya fi ta'azzara shi a gidajenmu shi ne tuwon dare: a ci malmala biyu bayan isha'i, da miya mai manja da attarugu, a sha ruwa a kwanta. Ki dawo da abincin dare kusa da magariba, ki rage yawansa, ki bar awa uku tsakanin ci da kwanciya. Ki kwanta a gefen hagu, a ɗaga kan gado kamar santimita 10 zuwa 15 da bulo ko katako, ko a cusa naɗaɗɗen bargo ƙarƙashin katifa. Tara filo a ƙarƙashin kai kawai yana lanƙwasa ciki ne, ya ƙara matsi. Ki sassauta ɗaurin zani, ki daina sunkuyawa shara ko wanki da zarar kin gama ci. Yaji, ƙosai da sauran soye-soye, lemon kwalba mai gas, shayi mai kauri da goro, ki lura da wanda ke tada miki ki ajiye shi. Ɗan kindirmo ko tafasasshiyar madara kan kwantar wa wasu.

Abin da ya fi damuna shi ne kanwa. Mace ta jiƙa ta ta sha, zafin ya kwanta nan take, gobe ta ƙara. Gaskiya ne tana kashe tsami, amma gishirin sodiyam ne cike da ita, wanda ke riƙe ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya nauyi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙar yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ba 'yar wadda ake jefawa a wake nake nufi ba, shan ta a matsayin magani nake hanawa, haka ma bakin-soda. Farar ƙasa ita ma a bar ta: tana hana jiki cin moriyar sinadarin ƙarfe, tana iya ɗauke da dalma ko ƙwan tsutsa, kuma yawan kwaɗayinta kan zama alamar ƙarancin jini. Idan dabarun gida sun gaza, akwai maganin kashe tsami da ya dace da mai ciki. A asibiti za a rubuta shi, kuma a raba shi da maganin ƙarin jini da awa biyu.

Akwai inda citta ba ta da aiki. Idan kin yini kin kwana ruwa bai zauna ba, fitsari ya ragu ya yi duhu, jiri na ɗibarki, kina ramewa, ko kin ga jini a amai, wannan laulayi ne mai tsanani da ke kama mace 1 zuwa 3 cikin 100, kuma ƙarin ruwa yake buƙata. Amai da zazzaɓi a gwada maleriya da fitsari. Bayan mako na 20 kuma, zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko bakin ƙirji, tare da ciwon kai mai naci, ganin dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, kada a kira shi ƙwannafi. Yana iya zama hawan jinin da ke kaiwa ga jijjiga. A tafi asibiti a auna jini da fitsari a ranar, ko da dare ne, kada a jira ranar awo.