Haruffa Masu Ƙugiya da Matsalar Saita Saba a Shafukan Intanet na Hausa

1.0 Gabatarwa

Mai bibiyar shafukan intanet na Hausa ya saba ganin kalmar "ƙasa" ta rikiɗe ta koma "Æ™asa", ko "ɗaki" ta koma "É—aki". Akasari zanen haruffa ake ɗora wa laifi. Wannan muƙala tana ganin ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar tana tasowa ne daga rashin daidaito tsakanin matakan da rubutu ke ratsawa tun daga rumbun bayanai, zuwa saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, har ya isa burauzar mai karatu.

2.0 Tushen Matsalar

Tsarin ASCII alamomi 128 kawai ya tanada, babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikinsu. Haka ma Latin-1, wanda aka tsara domin harsunan Yammacin Turai. Unicode ne ya ba kowannensu lamba: ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, ƙ kuma U+0199. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, kowane ɗaya daga cikinsu yana cin bayit biyu. Harafin ƙ, alal misali, C6 99 ne. Idan manhaja ta karanta waɗannan bayit biyu da tsarin Windows-1252, sai ta ɗauke su haruffa biyu daban, Æ da ™. Ke nan rubutun bai salwanta ba, karanta shi aka yi da ma'aunin da ba nasa ba.

3.0 Matakan Saiti

Matakin farko shi ne saba. A Nginx ana rubuta `charset utf-8;`, a Apache kuma `AddDefaultCharset UTF-8`. Da yawa suna tsayawa ga sanya `<meta charset="utf-8">` a kan shafi, alhali idan sanarwar da saba ta aiko ta saɓa wa wannan layi, ta saba burauza ke bi.

Rumbun bayanai ya fi wuyar sha'ani. Kafin fitowar MySQL 8.0 a 2018, latin1 ne tsarin da rumbun ke zuwa da shi, don haka shafukan da suka kwana biyu na iya kasancewa a kansa har yau. Mayar da tebur zuwa utf8mb4 bai wadatar ba. Dole mahaɗar da ke tsakanin manhaja da rumbu ita ma ta bayyana tsarinta, kamar `set_charset("utf8mb4")` a PHP. In ba haka ba, rubutu zai shiga a gurɓace, ya kuma fito daidai a shafi, domin kuskuren fita yana warware na shiga. Ana iya shekaru ba a lura ba. Sai ranar da aka kwashe bayanan zuwa sabuwar saba, ko manazarci ya nemi tattara matani domin ƙididdigar kalmomi, asiri ya tonu. Gyaran a lokacin yana buƙatar taka-tsantsan, kuma bai kamata a taɓa komai ba sai an ajiye kwafin rumbun.

A cikin manhajar ma akwai tarko. `strlen` na PHP bayit take ƙirgawa, shi ya sa take ba "ƙasa" tsawon 5. `Mb_strlen` ce ke ba da 4. Yanke kanun labari da `substr` kuwa na iya raba ƙ gida biyu.

4.0 Batun 'y

A Nijeriya 'y ake rubutawa, a Nijar kuwa ƴ. Alamar da ke gaban y ɗin tana iya zama U+0027, U+2019 ko U+02BC, gwargwadon manhajar da aka buga rubutun da ita. A ido kusan ɗaya suke, amma ga injin bincike kalmomi ne mabambanta, sai an daidaita su kafin adanawa. Wadda ta fi haɗari ita ce U+0027, domin da ita SQL ke buɗe zance da rufe shi. Kalmar 'ya'ya kaɗai ta isa ta karya umarnin da aka harhaɗa da hannu, kuma ta wannan kafa ce masu kutse ke shiga. Maganinsa shi ne amfani da shiryayyen umarni, inda ake tura umarnin daban, bayanan daban.

Wasu masu shafuka sun zaɓi watsar da ƙugiyar gaba ɗaya don su huta. Wannan ya sa "baki" da "baƙi", ko "kafa" da "ƙafa", suka zama kalma guda a matanin da gobe za a dogara da shi wajen haɗa ƙamus da nazarin nahawu.