Amsar Tambaya: Ina Ruwan Ɗalibin Kasuwanci da Kalkulas?

Tambaya: Malam, ina ajin farko a Jami'ar Maiduguri, ina zaune a Mairi. Kasuwanci nake karantawa, sai ga kalkulas a cikin darussanmu. Me zai amfane ni, kuma yaya zan ci shi?

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka. Kalkulas lissafin canji ne, kasuwa kuwa kullum cikin canji take. Ɗauki mai sayar da huluna. A ce ribarsa 100x − x² ce, x kuma yawan hulunan. Lissafin saurin canji zai ba ka 100 − 2x. Daidaita shi da sifili, x ya zama 50. Daga hula ta 51 riba za ta fara raguwa.

Sai dokoki. A yawancin jami'o'inmu, sai ka halarci kashi 75 na darussa kafin ka zauna jarrabawa. Gwaji da aikin gida maki 30 ne, jarrabawa 70. Satar amsa tana jawo kora. Karanta takardar tsarin kwas ɗinku tun makon farko.

Gyara aljabararka, don a nan aka fi tuntuɓe. Rubuta kowane mataki, malamai suna ba shi maki. Mairi tana ƙofar jami'a, kada ka makara. Allah ya ba da sa'a.